Yadda ƙwayar halitta ke sanin gabanta da bayanta

Akwai wata farar ƙwayar jini da likitoci ke kira niyutrofil. Muddin tana yawo cikin jijiya, dunƙulalliya ce, ba ta da gaba, ba ta da baya, faɗinta kuwa kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na milimita. Amma da zarar ƙaya ta soki mutum, bakteriya suka samu ƙofa, sinadaran da ke tsatsowa daga wurin raunin suka iso gare ta, cikin 'yan mintuna sai ta sauya kama. Gefe guda ya baje ya zama goshi mai faɗi, ɗaya gefen ya tsuke ya zama wutsiya, ta kama rarrafe zuwa inda ɓarnar take. A 1977 wata masaniya Ba'amurkiya, Sally Zigmond, ta nuna cewa idan yanayi ya dace, bambancin kashi ɗaya cikin ɗari kacal na yawan sinadarin tsakanin gefen ƙwayar da ɗaya gefen ya ishe ta ta gane alƙibla.

To wa ya yanke mata wannan hukunci? Mutum zai fara zargin cibiyar ƙwayar, inda bayanan gado suke. Ba ita ba ce. Kafin a karanta umarni daga can a ƙera sabon furotin, lokaci ya ƙure, sannan umarnin gado ba ya cewa a nufi dama ko hagu. Masu bincike ma sun taɓa ɓantaro guntu daga ƙwayar fatar kifi, guntun da babu cibiya a cikinsa, ya ci gaba da rarrafe abinsa. Hukuncin a gefen ƙwaya ake yanke shi, a jikin siririn tantanin da ya lulluɓe ta, kuma masu yanke shi wasu furotin ne da ake kira enzayim, wato masu gaggauta aikin sinadarai ba tare da su kansu sun ƙare ba. Aikinsu a nan shi ne kunna juna da kashe juna, kowanne a wurinsa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun yanzu shi ne, ba kunnawa kaɗai ke samar da gaba da baya ba. Masu kashewa su ne ke shata iyaka.

Zaren da ake saƙawa ana warwarewa

Abin da ke tura goshin ƙwaya gaba shi ne aktin, furotin mai amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) kimanin 375. Brunó Straub ne ya ware shi daga tsoka a 1942, a ɗakin binciken Albert Szent-Györgyi da ke garin Szeged na ƙasar Hangari. An daɗe ana ɗaukarsa kayan tsoka ne kawai, sai daga baya aka gano yana cikin kusan kowace ƙwaya mai cibiya, daga ta mutum har ta yis ɗin burodi. Ƙwayoyin aktin suna jeruwa kai da gindi su zama zare mai kauri nanomita bakwai ko makamancin haka (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma da yake duk fuska ɗaya suke kallo, bakunan zaren biyu ba iri ɗaya ba ne. Ɗaya yana saurin karɓar sababbi, ɗayan kuma a nan tsofaffi suka fi zubewa. Kamar magini ne da ke cire tubali daga ƙarshen katanga yana ɗorawa a farkonta: tsawon katangar bai ƙaru ba, amma tana matsawa gaba. Idan bakin da ke tsiro ya tokari tantani, sai ya tura shi. Ƙarfin zare ɗaya bai taka kara ya karya ba, amma dubbai a jere suna iya ɗaga gefen ƙwaya.

A 1999 ƙungiyar Marie-France Carlier a Faransa ta tabbatar da wannan ta hanya mai gamsarwa. Sun zuba tsarkakakkun furotin 'yan kaɗan a ruwa, aktin da mai fara zare da mai yanka shi da mai toshe bakinsa, suka saka bakteriya, sai ga ta tana tafiya, zaren da ke tsiro a bayanta yana ingiza ta. Babu mayosin a haɗin, wato furotin ɗin da ke jan zare a tsoka. Tsirowar zaren kaɗai ta wadatar.

Matsalar ita ce aktin yana da yawa ƙwarai a cikin ƙwaya. Da za a sake shi, da ya dunƙule ko'ina ba tsari. Abin da ya sa hakan ba ya faruwa shi ne, haɗuwar ƙwayoyin aktin biyu ko uku na farko tana da wuya, sannan akwai furotin kamar furofilin da ke riƙe ƙwayoyin su hana su fara zare da ka. Saboda haka duk wanda ya mallaki ikon fara zare ya mallaki siffar ƙwaya. Masu farawa manya guda biyu ne. Na farko Arp2/3, tarin furotin bakwai da Laura Machesky ta gano a 1994 a ɗakin binciken Tom Pollard, daga wata amiba ta ƙasa, wato ƙaramar halitta mai ƙwaya ɗaya tal. Shi kan manne a gefen tsohon zare ya fitar da reshe a kusurwar digiri 70, reshe ya haifi reshe, har a samu saƙa mai faɗi wadda ita ce goshin ƙwaya, ana kiranta lamelipodiya. Na biyu su ne fomin, masu zama a bakin zare suna miƙar da shi ɗoɗar ba reshe. Sai mayosin mai jan zaruruwa su tsuke, da kofilin mai datse tsoffin zaruruwa. Duk waɗannan ma'aikata ne, umarni suke jira.

Masu ba da umarni

Umarnin yana fitowa daga wasu ƙananan enzayim da ake kira dangin Rho. An gano na farkonsu a 1985 a jikin wata dabbar teku mai kama da dodon koɗi, kuma a jikin ɗan Adam sun kai ashirin. Kowannensu makunni ne. Idan yana riƙe da GTP, wani ƙaramin sinadari mai ɗauke da guntaye uku da ake kira fosfet, a kunne yake, siffarsa ta ɗan sauya yadda zai iya kama wasu furotin ya tashe su. Idan ya ɓalle fosfet ɗaya daga GTP ɗin ya koma GDP, ya mutu ke nan. Shi da kansa yake ɓallewar, abin da ya sa ake lissafa shi cikin enzayim, sai dai yana da nawa sosai, haka ma wajen sakin GDP ya ɗauki sabon GTP. Don haka ya dogara da wasu: masu kunna shi, da ake taƙaita sunansu GEF, da masu gaggauta kashe shi, GAP. Akwai kuma rukuni na uku, GDI, masu cire shi daga tantani su ɓoye shi a ruwan cikin ƙwaya.

Ƙididdigar kanta abin dubawa ce. Makunnai ashirin, amma masu kunnawa kusan tamanin, masu kashewa kusan saba'in. Me ya kawo wannan yawa? Kowane GEF da kowane GAP yana da wurin da yake mannewa da saƙon da yake amsawa. Wani sai a inda ƙwaya ta taɓa maƙwabciyarta, wani a tsakiyar ƙwaya lokacin rabuwa, wani a inda wani kitse na musamman ya taru. Makunnin bai san inda yake ba, masu kula da shi ne ke ɗauke da adireshi. A ganina littattafan koyarwa sun fi ba makunnan muhimmanci fiye da kima, alhali asirin yana hannun waɗannan ɗari da hamsin.

Aikin da ya buɗe wannan fage an yi shi ne a Landan. A 1992 Anne Ridley da Alan Hall suka ɗauki ƙwayoyin ɓera da ake reno a faranti, suka hana su ruwan jinin da ake ciyar da su har zaruruwan aktin ɗinsu suka kusa ɓacewa, sannan suka yi musu allurar Rho da aka gyara ya maƙale a kunne, da siririyar allurar gilashi, ƙwaya bayan ƙwaya. Cikin mintuna sai ga manyan igiyoyin aktin da mayosin sun ratsa ƙwayar, an ɗaure su da ƙasan faranti. Da suka yi allurar Rac, wani makunnin na dangin Rho, maimakonsa, sai gefen ƙwayar ya baje yana kaɗawa. A 1995 Catherine Nobes da Hall suka nuna cewa na ukun, Cdc42, yana fitar da siraran yatsu da ake kira filopodiya. Aktin ɗaya ne, amma makunni uku sun ba da gini uku.

Shekarun da suka biyo baya an bi sawun abin da kowanne ke tashi. Rac yana tayar da wani furotin mai suna WAVE, Cdc42 yana tayar da wani mai suna WASP da ɗan'uwansa N-WASP, dukkansu kuma Arp2/3 suke kunnawa. Rho yana tayar da wani fomin mai suna mDia, da wani enzayim mai suna ROCK. Nan ne rukuni na biyu na enzayim ke shigowa, wato kainas, masu manna fosfet a jikin furotin, da fosfatas, masu cire shi. ROCK kainas ne, kuma yana bi ta hanya biyu ya ƙarfafa mayosin: yana manna masa fosfet mai tashinsa, sannan yana gurgunta fosfatas ɗin da zai cire wannan fosfet. Shi ya sa inda Rho yake a kunne, wurin kan tsuke.

Labarin kofilin ya fi kowanne burge ni, domin yana rushe tunanin cewa akwai mai gini daban da mai ɓarna daban. Wani kainas, LIM, yana manna wa kofilin fosfet a amino asid na uku ya kashe shi, wani fosfatas mai suna Slingshot ya cire ya farfaɗo da shi. Mutum zai zaci kashe mai datse zare alheri ne ga ƙwayar da ke son tafiya. Amma idan aka kashe kofilin baki ɗaya, ƙwayar kan kasa tafiya yadda ya kamata, saboda duk aktin ɗinta ya maƙale a tsoffin zaruruwa, babu na sabon gini. Datsewa kuma tana haifar da sababbin bakuna da za su tsiro. Abin da ake bukata shi ne kofilin ya yi aiki a ɗan bayan goshi, a daidai gwargwado.

Daga ɗan bambanci zuwa gaba da baya

Duk wannan bai amsa tambayar Zigmond ba tukuna. Ta yaya bambancin kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari a waje zai zama goshi da wutsiya a ciki? Masu karɓar saƙon suna baje daidai a duk jikin ƙwayar, ba su taru a gaba ba. Dole ne a ciki ake zuzuta bambancin.

An samu babban haske daga wata amiba mai suna Dictyostelium, wadda idan yunwa ta kama su, dubbansu kan bi ƙanshin sinadarin da suke fitarwa su haɗu wuri guda. A 2002 ƙungiyoyin Peter Devreotes da Richard Firtel a Amurka suka nuna cewa wani kainas, PI3K, yana taruwa a goshi yana ƙara fosfet a wani kitsen tantani ya mai da shi PIP3, yayin da fosfatas mai suna PTEN ke janyewa daga goshi ya zauna a gefe da baya yana cire wannan fosfet. Sakamakon haka PIP3 ya zama tambarin gaba. Yana jawo masu kunna Rac, Rac ya gina aktin, aktin ya taimaka a ƙara PIP3, abin ya yi ta ciyar da kansa. Da aka cire PTEN, tambarin ya bazu, ƙwayar ta riƙa fitar da goshi ta ko'ina tana kasa miƙewa.

A niyutrofil, ƙungiyar Henry Bourne a San Faransisko ta nuna a 2003 cewa saƙo ɗaya ne ke tayar da shiri biyu a lokaci guda, shirin gaba na Rac da saƙar aktin, da shirin baya na Rho da mayosin, kuma kowanne yana danne ɗaya a inda ya fi ƙarfi. Biyun ba sa iya zama wuri ɗaya, sai su raba ƙwayar. Wannan ne ya sa ko da an zuba sinadarin daidai wa daida ta kowane ɓangare, niyutrofil tana yin goshi da wutsiya ta kama hanya. Saƙon waje bai ƙirƙiri gaba da baya ba, zaɓar mata fuska kawai yake yi.

Sai dai ya kamata a yi hattara da wannan hoto mai kyau. A 2007 Oliver Hoeller da Robert Kay a Kambirij suka cire wa amibar dukkan PI3K ɗinta na wannan aiki, ta ci gaba da bin ƙanshi kusan yadda ta saba idan saƙon yana da ƙarfi. Ashe akwai hanyoyi da dama da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Haka ma zancen cewa Rac na gaba ne, Rho na baya. Da aka ƙera na'urorin haske masu nuna inda makunni yake a kunne a ƙwaya mai rai, an ga Rho yana kunnuwa a bakin goshi ma. Wani aiki na 2009 a ƙwayoyin ɓera ya auna cewa Rho ne ke kunnuwa daidai lokacin da baki ya fara turawa, Rac da Cdc42 kuma su biyo baya da kimanin daƙiƙa 40, a tazarar maikuromita biyu daga bakin (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Duk wanda ya haddace cewa makunni ɗaya aiki ɗaya, waɗannan sakamako za su rikita shi. Abin da Rho zai yi ya dogara da wane GEF ne ya kunna shi da kuma wa ya tarar a wurin.

Yis ya ba da darasi mafi tsafta. Ƙwayarsa tana haihuwa ne ta hanyar fitar da toho guda a gefe, kuma a 1990 ɗakin binciken John Pringle ya nuna cewa idan Cdc42 ya lalace, ƙwayar sai ta yi ta kumbura ba toho. A al'ada akwai alamomin da ke nuna inda toho zai fito, amma ko an cire su, ƙwayar tana zaɓar wuri ɗaya. Dalili shi ne Cdc42 da ke kunne yana jawo wani furotin mai suna Bem1, wanda ke tafe da GEF ɗin da zai kunna ƙarin Cdc42 a nan kusa. Tari biyu ko uku na iya farawa, amma da yake kayan aikin ƙayyadaddu ne, mafi girma yana janye su daga sauran har su mutu. Ƙungiyar Daniel Lew ta rage saurin wannan gasa da gangan, sai aka samu ƙwayoyi masu toho biyu a lokaci guda. Alan Turing, masanin lissafin nan na Ingila, tun 1952 ya nuna a takarda cewa sinadaran da ke mu'amala suna bazuwa da sauri daban-daban za su iya fitar da tsari daga abin da yake bai ɗaya, kuma lissafin da ake yi wa yis a yau daga wannan tushe ya taso.

Iyakar da ake tsarewa da fosfet

Akwai ƙwayoyin da ba tafiya suke yi ba, amma rayuwarsu ta dogara da sanin fuska. Ƙwan wata ƙaramar tsutsar ƙasa, C. elegans, tsawonsa kimanin maikuromita 50 ne, kuma rabuwarsa ta farko ba daidai take ba: ƙwayar gaba ta fi girma, ta baya ƙarama ce, daga ita kuma ƙwayoyin haihuwa za su fito. A 1988 Kenneth Kemphues da abokan aikinsa suka bayyana tsutsotsin da ƙwansu ke rabuwa daidai wa daida ya lalace, daga nan aka gano furotin da ake kira PAR. Kafin komai ya fara, PAR-3 da PAR-6 da wani kainas mai suna aPKC sun mamaye duk gefen ƙwan. Abin da maniyyi ya shigo da shi na tsara rabuwa yana raunana Rho da mayosin a kusa da shi, saƙar aktin ta saki a nan ta tsuke zuwa ɗaya ɓangaren, ta kwashi waɗancan uku ta tafi da su. Filin da suka bari sai PAR-1 da PAR-2 su shige. Can ne zai zama bayan tsutsa.

Yadda ake riƙe iyakar bayan haka shi ne abin da nake nufi da cewa masu kashewa ne ke shata ta. Idan PAR-1 ko PAR-2 ya ƙetara gaba, aPKC zai manna masa fosfet ya faɗo daga tantani. Idan PAR-3 ya ƙetara baya, PAR-1, wanda shi ma kainas ne, zai yi masa haka. Babu shinge a tsakani, furotin suna ta kai-komo, amma layin yana nan daram saboda kowane ɓangare yana korar baƙo.

Waɗannan furotin ɗin dai su ne ke aiki a hanjin ɗan Adam. Ƙwayar da ke shimfiɗe a bangon hanji tana da sama mai fuskantar abinci, cike da ƙananan yatsu da damin aktin ke tallafe, da kuma gefe da ƙasa masu fuskantar jini. A sama akwai ƙofar da ke shigar da gishirin sodiyam tare da sukarin gulukos, ba ta ɗaukar ɗaya sai da ɗaya. A gefe da ƙasa akwai famfon da ke fitar da sodiyam zuwa jini, ruwa kuma ya bi shi. Wannan shi ne dalilin da ruwan gishiri da sukari ke ceton yaro mai gudawa, har ma mai kwalara. Da ƙofar da famfon za su cakuɗe a fuska ɗaya, gishirin zai shiga ya fita ta inda ya shigo, babu abin da zai kai jini. Duk uwar da ta taɓa haɗa wannan ruwa da daddare ta dogara ne da aikin aPKC da Cdc42.

Cututtuka sun daɗe da gano makunnan

Ba abin da ya nuna muhimmancin waɗannan enzayim kamar yadda ƙwayoyin cuta suka ƙware wajen sace su. Salmonela, dangin da mai kawo taifot ke ciki, tana tsira wa ƙwayar hanji wata allura ta zuba furotin. Ɗaya, SopE, yana aikin GEF: ya kunna Rac da Cdc42, tantani ya tashi ya lulluɓe bakteriyar ya haɗiye ta. Wani kuma, SptP, yana aikin GAP: ya kashe makunnan, ƙwayar ta koma siffarta kamar ba a yi komai ba. Ɗakin binciken Jorge Galán, wanda ya gano aikinsu a 1998 da 1999, ya nuna daga baya cewa tare ake zuba su, amma ƙwayar tana saurin narkar da SopE, SptP kuma ya daɗe. Da bambancin tsawon rai kawai bakteriyar ta tsara wanda zai fara da wanda zai rufe. Wani nau'in E. coli da ke sa jarirai gudawa yana rushe yatsun saman ƙwayar hanji ya sa N-WASP ya gina masa dandamalin aktin ya zauna a kai. Helicobacter pylori, mai haddasa gyambon ciki, tana zuba furotin CagA da ke kama PAR-1 ya hana shi aiki, ƙwayar tumbi ta rikice ta rasa samanta da ƙasanta, kuma nau'o'in da ke ɗauke da CagA sun fi alaƙa da sankarar tumbi.

Akwai kuma lalacewar da ake gada. A 1937 likitan yara Alfred Wiskott a Jamus ya bayyana wasu 'yan'uwa maza uku masu zubar jini da ƙurajen fata da ciwon kunne mai maimaituwa, duk suka rasu suna ƙanana, 'yan'uwansu mata kuwa lafiya lau. Robert Aldrich ya nuna a 1954 cewa ta wajen uwa ake gadonta zuwa 'ya'ya maza. Sai a 1994 aka gano furotin ɗin da ya lalace, shi ne WASP, mahaɗin da ke tsakanin Cdc42 da Arp2/3 a ƙwayoyin jini. Ba tare da shi ba ƙwayoyin garkuwar jiki ba sa iya tafiya da riƙe abokan hulɗarsu yadda ya kamata. A sankara ma ana ganin sawunsu. PTEN na cikin masu hana ƙari da aka fi samu a lalace, kuma a 2012 an gano wani sauyi a amino asid na 29 na Rac1 a wani kaso na sankarar fata ta melanoma, sauyin da ke sa makunnin saurin kunna kansa.

Yin magani daga wannan ilimi bai zo da sauƙi ba, kuma dalilin a fili yake. Makunnan suna riƙe GTP da ƙarfi sosai, jikinsu ba shi da ramin da magani zai shige cikin sauƙi, sannan kowace ƙwaya a jiki tana bukatarsu, har wajen rabuwa gida biyu, inda zoben Rho da mayosin ke tsuke tsakiya. Inda aka ci nasara shi ne a matakin da ke ƙasa da su, wato ROCK. Japan ta amince da fasudil a 1995 don sassauta jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ke tsukewa bayan zubar jini a kai. Ripasudil ya biyo baya a can a 2014, Amurka kuma ta amince da netarsudil a 2017, waɗannan biyun ɗigon ido ne na gilokoma, cutar da ake kira hawan jinin ido, wadda ke cikin manyan masu makantar da mutane a Nijeriya da sauran Afirka ta Yamma. Ruwan cikin ido yana fita ta wata matata da ke kusurwar gaban ido, kuma idan ƙwayoyinta suka ɗaure da igiyoyin aktin da mayosin, irin waɗanda Ridley da Hall suka gani a faranti, hanyar kan ƙuntata, matsi ya hau. Ɗigon yana hana ROCK aiki, igiyoyin su saki, ruwa ya wuce. Da yake ƙwayoyin tsokar da ke zagaye da jijiyoyin farin ido su ma da ROCK suke tsukewa, su ma suna saki, shi ya sa kusan rabin masu amfani da netarsudil idonsu kan yi ja.